A Ƙidaya Awoyin Wuta Kafin A Aika Da Mota Gida

Tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, waɗansu 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal suke shawarar sayen mota ko keke mai aiki da batir su aika gida, don ƙane ko ɗa ya sami abin yi. Niyyar tana da kyau. Amma mu a namu ra'ayi, kafin a taya mota sai a fara binciken wutar gidan da za ta kwana.

Ga lissafi. Motar Hyundai Kona mai babban batir, irin wadda aka harhaɗa a Ikko a 2020, tana bukatar wajen awa 30 kafin ta cika a soket na ɗaki. Idan aka kafa mata akwatin caji na bango mai kilowat 7, awa 10 sun isa. Tashar caji mai sauri kuwa takan kai batir kashi 80 cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, to amma wannan ba kayan gida ba ne.

Yanzu sai mu ɗauki gida a Nassarawo, cikin Jimeta. Hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga masu awa 20 a rana zuwa masu awa 4. Gidan da ke samun awa 8 sai ya yi kusan kwana huɗu yana ɗura wa motar nan wuta ta soket. Kada kuma a manta da watan Afrilu na 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe, Yola ta shiga duhu. Wanda ya ce zai tayar da janareta, ai ya koma gidan jiya, gidan fetur.

Saboda haka muna ba da shawara uku. A tambayi rukunin da layin gidan yake. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyi, domin siririyar waya da ta kwana tana jan wuta a zafin Yola gobara ce. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya fara da keke, wanda batirinsa ƙarami ne, sola ma tana iya ciyar da shi.

Muna kuma roƙon Gwamnatin Jihar Adamawa ta kafa tashoshin caji masu amfani da hasken rana a kasuwar Jimeta da tashar Jambutu, kamar wadda hukumar NADDC ta buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021.

Kuɗin da aka tara a baƙon wuri da gumi aka same shi. Kada ya ƙare a ƙofar gida ƙura tana rufe shi. Allah ya sa a ji.