Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



Lokacin da hotunan gobarar Los Angeles suka cika wayoyinmu a watan Janairun 2025, wani abokina cewa ya yi in daina ɓata tausayina, wai kafin toka ta huce gwamnatinsu ta biya kowa. Na san da yawa daga cikinmu haka suka ɗauka. Ni ma haka na ɗauka, sai da na bibiyi yadda kuɗin agajin gaggawa ke fita a Amurka, na tarar da wata matsala da ta yi kama da tamu ƙwarai. Ra'ayina a yau shi ne: gwamnatin da ke jiran sai wuta ta kama kafin ta fara neman kuɗin kashe ta, asarar da za ta yi ta ninka, kuma talaka ne ke ɗaukar kaso mafi nauyi.

Mu fara da abin da ya faru. Ranar 7 ga Janairu, 2025, wuta ta tashi a yankunan Palisades da Eaton, iska mai ƙarfi ta kora ta cikin unguwanni. Aƙalla mutum 30 suka rasu, gine-gine fiye da 16,000 suka ƙone. Jihar Kalifoniya ta ware dala biliyan 2.5 a cikin watan. A watan Fabrairu, Gwamna Gavin Newsom ya rubuta wa majalisar dokokin tarayya yana neman kusan dala biliyan 40 don sake gina yankin. Tun kafin wannan wasiƙa siyasa ta riga ta shigo. Shugaba Donald Trump ya ce yana son jihar ta kafa dokar nuna katin shaida wajen zaɓe, ta kuma sauya yadda take sarrafa ruwanta. Kakakin majalisar wakilai Mike Johnson shi ma ya ce ya kamata a gindaya sharuɗɗa. Watanni suka shuɗe majalisa ba ta amince da buƙatar ba. Mutumin da gidansa ya zama toka, me ya haɗa shi da katin zaɓe? Amma da yake sai an roƙi kuɗin bayan bala'i ya auku, wanda ke riƙe da jaka ya samu damar yin ciniki da shi.

Amurka tana da hukumar agajin gaggawa mai suna FEMA, kuma tana da asusu na musamman da ake zuba wa kuɗi duk shekara. Sai dai asusun yakan kusa ƙarewa. A watan Agustan 2023 gobara ta cinye garin Lahaina a tsibirin Maui na jihar Hawai, ta kashe fiye da mutum 100. Kafin watan ya ƙare, FEMA ta sanar da cewa kuɗinta ya yi ƙasa, don haka za ta dakatar da biyan ayyukan sake gina makarantu da hanyoyi da sauran abubuwan da bala'o'in baya suka lalata, ta riƙe abin da ya rage don ceton rai kawai. Sai a ƙarshen Satumba majalisa ta ƙara mata dala biliyan 16. Garin da guguwa ta rushe wa gada a bara, sai ya tsaya jira saboda wani gari ya ƙone a bana.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin hukumar kula da gandun dajin ƙasar. A shekarar 1995, kashi 16 cikin ɗari na kasafin kuɗinta ne ke tafiya wajen yaƙi da wuta. Zuwa 2015 ya haura rabi. Duk shekarar da wuta ta yi yawa, kuɗin kashe ta ya ƙare, sai hukumar ta ari na sauran ayyukanta. Daga cikin ayyukan da ake ara wa kuɗi har da na rigakafi: rage busassun itatuwa da ciyawa, ƙona wani sashe na daji da gangan a lokacin da iska ta lafa, da share layin da wuta za ta zo ta tsaya. Sai ya zama an kashe wutar bana da kuɗin da ya kamata ya hana ta baɗi. Baɗi kuwa ta zo ta tarar da dajin cike da busasshen makamashi, ta fi ta bara girma, a sake aron wani kuɗin. Tufka da warwara ke nan, kuma sun yi shekaru a haka.

A 2018 majalisarsu ta gyara wannan. Ta buɗe wata hanya ta daban da za a riƙa ɗaukar kuɗin kashe manyan gobara, wadda ta fara aiki a kasafin 2020 da dala biliyan 2.25, tana ƙaruwa duk shekara har zuwa 2027. Manufar ita ce kada a sake taɓa kuɗin rigakafi don an shiga halin gaggawa. Gyaran bai hana Los Angeles ƙonewa ba, domin fari da iska ba sa jin dokar majalisa, amma ya toshe ƙofa ɗaya da asara ke shigowa. Akwai kuma wani bincike na 2017 da cibiyar nazarin gine-gine ta ƙasar ta fitar, wanda ya nuna cewa duk dala ɗaya da gwamnatin tarayya ta kashe a tallafin rigakafi, tana hana asarar kusan dala shida nan gaba.

To mu fa? Hausawa sun ce idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu bala'in da ya fi addabarmu ambaliya ce da gobarar kasuwa, amma tambayar ɗaya ce: ina kuɗin yake kafin abin ya faru?

Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ba shi ne karo na farko ba, domin a 1994 ma garin ya sha ambaliya daga wannan madatsa. Shekara talatin ke nan tsakani. Ruwa ya ci gidaje da kasuwanni, ya shiga asibiti da gidan yari da gidan namun daji, a wannan daminar kuma aka ji gwamnatin tarayya ta raba wa kowace jiha naira biliyan 3 don tunkarar ambaliya. A watan Fabrairun 2025 kuma aka amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Ban ce kada a gina ba, dole ne a gina. Tambayata ita ce, nawa gyaranta zai ci da an yi shi tun tana tsaye? A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya sake cin Mokwa a jihar Neja, fiye da mutum 150 suka rasu, aka sanar da naira biliyan 2 da tirela 20 ta shinkafa. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da yanayin ruwa ta NIHSA suna fitar da gargaɗi tun kafin damina ta faɗi, har da jerin wuraren da ke cikin haɗari. Babu wanda zai ce ruwan ya zo ba sallama.

Kuma ba a rasa asusu ba. Tun 1981 Najeriya ke da asusun kula da muhalli, wanda ake cire wa kaso daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi suna karɓar nasu rabon. An kafa hukumar NEMA a 1999, jihohi kuma suna da nasu hukumomin agaji. A takarda komai ya cika. Amma a cikinmu nan, wa ya san nawa jiharsa ta karɓa daga wannan asusu a watan jiya, da magudanar ruwan da aka haƙa da shi?

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Za su ce a ƙasarmu ajiye kuɗi don bala'in da bai zo ba, kamar bai wa kura ajiyar nama ne. Misalin yana nan: a 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye saboda karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na wannan asusun muhalli, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Amma kuɗin da ake fitarwa cikin gaggawa ya fi sauƙin sata. Ranar da gari ke cikin ruwa babu mai tsayawa tambayar wa aka ba kwangilar katifa, ko buhu nawa aka sauke daga mota. Duk wanda ya yi tambaya ma sai a ce masa ba shi da tausayi. Kuɗin da aka tsara tun farkon shekara shi ne ake iya bin diddiginsa, domin an rubuta adadinsa da aikin da zai yi.

Na ga wannan da idona lokacin da gobara ta ci layin su kawuna a wata kasuwa. Manyan mutane suka zo jaje, aka kafa kwamiti, aka rubuta sunaye, aka yi alƙawura a gaban 'yan jarida. Babu wanda ya san ƙa'idar rabon, don babu ita sai bayan gobarar aka zauna ƙirƙira. Kawu ya yi ta zirga-zirga watanni, abin da ya samu bai kai kuɗin kantar shagonsa ba, wasu da ba su da ko tebur a layin kuma sunansu ya fito. Ranar da wutar ta tashi kuwa, motar kashe gobara ta zo ta kasa shiga, saboda rumfuna sun toshe hanya, kuma babu tankin ruwa ko ɗaya a kusa. Kuɗin tankin da buɗe hanyar bai kai kayan shago guda da suka ƙone ba.

Abin da nake kira a kai bai fi ƙarfin kowace jiha ba. A raba kuɗin rigakafi da na agaji, kowanne da layinsa a kasafi, kada a ari na farko don cike na biyu, kamar yadda Amurka ta gane bayan ta sha wuya. Duk wata a wallafa abin da jiha ta karɓa daga asusun muhalli da inda ya tafi. Sannan a rubuta ƙa'idar agaji tun lafiya lau: wa ya cancanta, me zai samu, cikin kwana nawa. Idan ƙa'ida tana rubuce, wanda gidansa ya rushe zai je neman haƙƙinsa ne, ba sai ya nemi ɗan siyasar da zai tsaya masa ba.

Mu a nan muna da waya, muna da alƙalami. Kowa ya nemi kasafin kuɗin jiharsa na bana, ya duba abin da aka ware wa hukumar agaji da ta kashe gobara, sannan ya tambayi ɗan majalisar jiharsa nawa aka saki a ciki. Wanda ya samu amsa ya kawo mana ita nan mu gani, wanda aka ƙi amsa masa shi ma ya faɗa mana. Musamman 'yan uwanmu na Maiduguri da Mokwa, ina son jin abin da ya iso hannunku daga cikin abin da aka sanar.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.