Kan Keke da Tafin Hannun Yaro

Duk wanda ya tsaya ya lura da yaro ɗan shekara shida ko bakwai yana tuƙa irin keken nan mai kaurin taya da ake kira keken hawan dutse, wanda samarin lardin Marin na jihar Kalifoniya suka ƙago a shekarun 1970 domin gangarowa daga tsaunin Tamalpais, wanda kuma yau ga shi jibge a wurin masu sayar da kekunan gwanjo a garuruwanmu, lalle zai ga wani al'amari da galibin iyaye suka gafala da shi, watau yatsun yaron ba su zagaye mariƙin keken. Babban yatsa yana can, manuniya tana can, ba su sadu ba, ya dai ɗora hannu ne kawai bisa ƙarfe.

Illar wannan al'amari tana cikin ma'aunin da maƙera kekuna suka daɗe da yin ittifaƙi a kansa. Kaurin ƙarfen kan irin wannan keke, a daidai inda ake riƙewa, milimita 22.2 ne, kuma a kan wannan awo aka ƙera hannun birki da abin sauya giya a kusan dukan duniya. Idan aka sanya masa robar riƙo, kaurin yakan kai wajen milimita 30 ko fiye. Da aka zo yi wa yara keke, sai aka rage taya, aka rage gangar jiki, aka sauko da sirdi, amma aka bar mariƙin yadda yake, domin sauya shi yana wajabta sauya duk abin da ke ɗaure a jikinsa, kuma wannan ɗawainiya ce da 'yan kasuwa ba su so. Alhali kuwa masassaƙin ƙauye, da bai san milimita ba, in zai yi wa yaro fartanya, yakan sassaƙe ƙotar ta yi siriri daidai hannunsa, don ya san gajarta ta kaɗai ba ta wadatar ba.

Abin da ke biyo baya a bayyane yake ga mai hankali. Hannun da bai rufe a kan mariƙi ba tilas ya matsa da ƙarfi kafin ya tsaya, sai damtse ya gaji tun tafiya ba ta yi nisa ba; sa'an nan idan yaro ya zo gangara mai tsakuwa, ya miƙa yatsu biyu ko uku don ya kamo birki, abin da ya rage masa na riƙo bai taka kara ya karya ba, ɗan rami ɗaya ya isa ya fizge kan keken daga hannunsa. In ya faɗi, mu ce masa rago ko mai ganganci, mu ɗora masa laifin da ba nasa ba ne. Wannan hukunci ba adalci a cikinsa. Mata da sauran manya masu ƙananan hannuwa ma suna shan wannan wahala.

Akwai waɗanda suka farga. Wata Baturiyar Ingila, Isla Rowntree, gwanar tseren keke, ta kafa kamfanin Islabikes a 2006 bisa manufar a auna kowane sashe na keken yaro da jikin yaro, har da hannun birki. Abin takaici, a 2023 kamfanin ya sanar da daina ƙira. A Amurka kuma kamfanin SDG ya fitar da kan keke na yara wanda wurin riƙonsa milimita 19 ne, tare da robar da ta dace da shi. Mai karatu zai ce milimita uku me za ta yi? To, abin da yatsu ke zagayewa shi ne kewayen, kuma ragin milimita uku a kauri yana rage kusan santimita guda a kewaye, wanda a tafin hannun ɗan shekara shida ba ƙaramin abu ba ne.

Na san irin waɗannan kaya suna da tsada, ba kuma kasafai ake samunsu a kasuwanninmu ba, amma hakan bai sauke mana nauyin amanar da ke wuyanmu ba. Mu fara da barin al'adar sayen keken da ya fi ƙarfin yaro da hujjar wai zai girma ya same shi. Ranar ciniki a tafi da yaron, ya riƙe kan keken, a duba ko yatsunsa sun haɗu, a kuma ga ko yana kai wa birki ba tare da ya saki mariƙi ba. In robar mai kauri ce, a sa mai gyaran keke ya musanya ta da mafi siriri. Kada a naɗe wurin da tsohon tib, domin ƙara kauri yake yi. Yawancin hannuwan birki suna da ɗan noti da ake juyawa ya matso da su kusa da yatsu. Faɗin kan keke ana iya rage shi da zarto in ya yi wa yaro yawa, amma kada a kuskura a kankare ƙarfen don neman siranta, zai raunana ya karye. Bayan an yanke kuwa, wajibi ne a toshe bakin bututun ta kowane gefe, domin buɗaɗɗen bakin ƙarfe, in yaro ya faɗa a kansa da ciki, yana iya yi masa mummunan rauni a hanji ko saifa.