Jerin Sunaye Ba Bita Ba Ne

Ɗaliban digiri na biyu masu karatun bayoinfomatik, wato ilimin tantance bayanan ƙwayoyin halitta da kwamfuta, suna da wata ɗabi'a da ya kamata malamansu su daina kawar wa kai. In aka ce su yi bitar binciken da ya gabata, sai su shiga PubMed su kwaso muƙala sittin su jera: wane ya ce, wance ta ce, su wane sun gano. Shafi ashirin, ba layi ɗaya inda ɗalibin ya ce ga wanda hujjarsa ta fi ƙarfi. Kiran suna ne irin na ajin firamare, kuma a wannan fanni yana da haɗari.

Taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam da masu bincike ke auna aikinsu a kanta ba guda ɗaya ba ce. Akwai GRCh37 ta 2009, akwai GRCh38 ta 2013, kuma lambar wuri guda tana iya bambanta tsakaninsu. Wanda ya zuba sakamakon muƙaloli biyu a jadawali ɗaya bai duba wace taswira kowace ta bi ba, ya haɗa mudu biyu masu girma daban ya kira su awo ɗaya. Su kansu muƙalolin ba wahayi ba ne. A 2016 wani bincike ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na muƙalolin da suka haɗo jerin ƙwayoyin halitta a Excel suna da kuskure, domin manhajar tana mayar da suna irin SEPT2 ya zama kwanan wata. Abin ya kai har a 2020 aka sauya sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na jini. A 2016 mujallar Nature ta wallafa cewa kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta da cututtuka a kansu 'yan asalin Turai ne. Ɗalibi a Yamai ko Damagaram da zai yi bita kan hawan jini, bai tambayi jinin su wa aka auna ba, me ya bita?

Wasu malamai kan ce ɗalibi bai kai ya soki manya ba. To yaushe zai kai? Ba a ce ya yi rashin kunya ba. An ce ya faɗi mutum nawa aka gwada, da wace manhaja, kuma ko an sake gwajin an samu abu ɗaya.

Ranar kare aikin kuwa, sai ya juya wa jama'a ƙeya yana karanta allo arba'in cikin minti goma sha biyar. Mu 'yan rediyo mun san kunne ba ya komawa baya. Abin da ya wuce mai sauraro ya wuce. Gasar bayanin kundi cikin minti uku, wadda Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fara a 2008, allo ɗaya tak take yarda da shi. Malami ya zaunar da ɗalibinsa mako biyu kafin ranar, ya kashe na'urar haska allo, ya ce ya faɗa masa da baki wace tambaya ce muƙaloli sittin ɗin suka bari ba amsa.