Tawa: Alamar + a imel na iya tona shafukan da ke fitar da bayanan matasa

Daga Tawa zuwa Kaita, gidaje da yawa sun dogara da kuɗin 'yan ci-rani na Abijan da Libiya. Masu shirin bin sahunsu, har da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani, suna rubuta adireshin imel a kowane shafin neman aiki, biza ko tallafin karatu. Ta nan saƙonnin damfara ke samun ƙofa.

Gmail na da dabara kyauta: ka ƙara + da wata kalma kafin @, kamar suna+biza@gmail.com. Saƙo zai shigo akwatinka yadda ya saba, amma in baƙo ya rubuto ta wannan adireshin, ka san shafin da bayananka suka fita. Sai ka saita matata ta riƙa share duk abin da ya biyo ta nan.

Tana da iyaka dai. Ɗan damfara mai wayo zai goge kalmar, wasu shafukan kuma ba sa karɓar +. Matata kuma ba ta gane ƙarya: gwamnatin Amurka ba ta sanar da wanda ya ci cacar biza ta imel. Abin da dabarar ke bayarwa shi ne shaidar da za a iya kai wa hukuma.