Wa yake duba tukunyar da muke ci?

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun nan zai yi tsawo, amma abin ya ishe ni. Daren Talatar da ta wuce a kilinik na kwana, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa saboda sandar ratayewa ɗaya ce kuma wani ya riga mu. Abokin ɗakina ne a kwance. Tare muka taso a Dapchi, tare muke shiga mota duk hutu, mahaifiyarsa kuma duk ranar komawa sai ta ce min "ga ƙaninka nan, amana". Shinkafa da wake ya ci da azahar a bakin get, ya kora da kunun aya mai sanyi. Kafin magariba amai, kafin isha gudawa, ƙarfe ɗaya na dare ko tsayuwa ba ya iya yi. Washegari da safe yana da jarrabawa. Bai rubuta ba. Kwas ɗin da ya kwana uku yana karantawa ya zama kariyoba saboda faranti ɗaya.

A daren nan mutum huɗu na ƙirga da irin ciwonsa. Da gari ya waye kowa ya ce "Allah ya sawwaƙe", aka watse. Babu wanda ya tambaye su me suka ci, a ina suka ci, ƙarfe nawa. Wannan rashin tambayar shi ne ya sa na ɗauki waya.

Ba zan kama sunan makaranta ba, ba zan kama sunan mai abinci ba. Duk wanda ya yi karatu tsakanin Gashua da Nguru ya san hoton: rumfunan kwano a bakin get, kula cike da robobin zoɓo, baho ɗaya na wanke-wanke da ruwansa ya koma kalar miya tun hantsi, almajiri yana tsoma faranti ya fito da shi a zuba wa na gaba.

Ni ɗan aji uku ne a sashen nazarin ƙananan halittu, to bari in faɗi abin da aka koya mana da kuɗin iyayenmu. Ƙwayar bakteriya, in ta samu abinci da ɗumi, tana iya rabuwa biyu duk minti 20. Ku yi lissafin da kanku: daga takwas na safe zuwa biyu na rana, ƙwaya ɗaya za ta iya haura dubu 260. Zafin da suka fi so yana tsakanin digiri 5 da 60, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu garinmu yana wuce 40 a inuwa. Wato tukunyar da aka sauke da safe aka rufe aka ajiye har la'asar, ɗakin renon ƙwayoyin cuta ce. Shinkafa ma tana da nata na musamman, Bacillus cereus. Tafasa ba ta kashe ƙwayayensa, in shinkafa ta huce ta daɗe sai su farka su zuba guba, gubar kuma ko an sake ɗumamawa tana nan. Shi ya sa mutum zai rantse maka da zafinta ya ci, kuma gaskiya ya faɗa.

Kunun aya fa? Ba a dafa shi. A jiƙa, a kai inji, a tace, a ɗura. Da wane ruwa? Na ɗan ga-ruwa, a jarkar da Allah kaɗai ya san ranar da aka wanke cikinta. A wace roba? Wadda yara suka tsinto a tasha da wurin biki. Ƙanƙarar da ke sa shi sanyi kuma, tunda wuta sai an ga dama, daga wani wuri ake sayo ta a buhu, a ja ta a ƙasa, a fasa da guduma. Sanyi ba ya kashe ƙwayar taifot ko ta kwalara, ajiye ta kawai yake. Haka latas da kabejin da ake yanka mana a kan shinkafa, daga fadama suke zuwa, an yi musu ban-ruwa da ruwan kogi, a ɗauraye sau ɗaya a zuba. Nono ma da tsaminsa ke ɗan kare shi, in aka sirka shi da ruwan rijiya an gama da kariyar.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a hostal. "Kai ɗan boko, mu da muka sha ruwan gulbi muka girma." To ai waɗanda suka rayu ne suke ba da labari. Je ka tambayi iyayenmu mata a Bursari yara nawa gudawa ta ɗauke musu kafin yaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2015: duk shekara mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta gurɓataccen abinci, dubu 420 su mutu, kuma dubu 137 daga cikinsu a Afirka suke. A 2021 kaɗai kwalara ta kama sama da mutum dubu 100 a Najeriya, ta kashe sama da dubu 3, mafi yawa a Arewa. Mun ga ambaliyar 2022 a Gashua da idonmu, mun ga yadda ruwan masai da na rijiya suka zama ɗaya. Sannan a yankin da ciwon ƙoda ya riga ya hana mutane barci, wasa da gudawar da ke tsotse ruwan jiki ganganci ne, don ƙarewar ruwan jiki ita kanta tana taɓa ƙoda.

Wani kuma zai ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Amma me ya sa in za ka shiga jarrabawa kake karatu?

Amsa ta uku ita ce ta fi min ciwo: wai so nake in hana talakawa neman abinci. Iyar da muke cin abinci a wajenta ta sha ba ni bashi in wata ya yi nisa, "ɗana ci, in an turo ka kawo". Ba ni da fuskar da zan ce a kore ta, kuma in an kore ta ina za mu ci? Ita ba ta taɓa ganin bakteriya ba, babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani. A New York ta Amurka an yi wata kuku, Mary Mallon, da aka gano a 1907 tana ɗauke da ƙwayar taifot tana yaɗa wa gidajen da take wa girki, alhali ita garau take, ko zazzaɓi ba ta yi. Mai abinci zai iya zama mai tsafta a ido, mai tsoron Allah, kuma cutar tana jikinsa. Gwaji ne kaɗai ke nunawa.

Rigimata da masu karɓar kuɗin rumfa ce. Duk wata ana zuwa da rasit, ba a taɓa makara ba. To wanda ya iya zuwa karɓar kuɗi, me ya hana shi zuwa da famfo ɗaya da sabulu? Kakanninmu suna ba da labarin duba-gari, wanda in ya shigo unguwa har randa yake leƙawa. Yau muna da digiri a kan abin, amma babu mai leƙa kula. Su kuma kwamared-kwamared ɗinmu na ƙungiyar ɗalibai, an yi makon al'adu, an yi gasar ƙwallo, an buga riguna da hotunansu. Kujerar daraktan walwala, walwalar wa yake kula da ita?

Abin haushin, gano cutar ba wani tsafi ba ne, a aji biyu muka yi shi. Ka ɗebi zoɓo ka shafa a farantin gwaji na MacConkey, ka sa a ɗumin digiri 37, gobe war haka in akwai E. coli za ka ga ɗigo-ɗigo ruwan hoda. Ganinta kuwa alama ce kashin mutum ko na dabba ya shiga, a yi haƙuri da kalmar. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Ku shiga laburaren sashenmu ku duba firojet na 'yan ajin ƙarshe, ku ga nawa ne a kan zoɓo da kunu da fura. An gwada, an rubuta, an ba da maki, an ɗaure da baƙin bango, ƙura ta rufe. Mai kunun da aka sayi samfurin a wajenta har yau ba ta san sakamakon ba.

Mu ma ɗalibai muna da namu. Ciki ya murɗa, sai kemis: "ba ni Flagyl da cipro na ɗari biyar". A sha kwana biyu a watsar, gobe maganin ya daina aiki a ce jabu ne. Ko a je a yi gwajin Widal, gwajin da aka ƙirƙiro tun 1896, wanda a wurin da taifot ya zama ruwan dare yakan nuna akwai ko da babu, a ɗora wa mutum allurai. Alhali abin da ya fara ceton mai gudawa ruwan gishiri da sukari ne: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri, a yi ta kurɓa a kan hanyar asibiti. A ɗakinmu mu shida, ranar Talata, ni kaɗai na san awon.

Abin da nake nema bai kai kuɗin rigunan makon al'adu ba. A sa wa rumfuna wurin wanke hannu da ruwa mai gudu. A sa sinadarin kulorin a ruwan da ake kunu da ƙanƙara da shi. Duk zango a tara masu abinci yini ɗaya a yi musu bayani da Hausa da Kanuri da Badanci, a duba lafiyarsu kyauta. A ba 'yan aji huɗu aikin ɗibar samfuri duk wata, a kai wa mai abinci sakamakonta a hannu cikin sirri, a nuna mata gyara kafin a yi zancen tara. Kilinik kuma su ajiye littafi guda: me ka ci, a ina, yaushe. In mutum uku suka ambaci rumfa ɗaya a dare ɗaya, a je a duba tun kafin na huɗu ya zo.

Abokina ya tashi, alhamdu lillahi, yana shan kunu da ƙyar. Jiya mahaifiyarsa ta kira daga Dapchi tana tambaya ko ya rubuta jarrabawar, na ce mata "Umma, sai dai baɗi". Na rubuta takarda zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ranar Litinin bayan lakcar ƙarfe goma zan kai. Wanda zai sa hannu ya same ni a gindin darbejiyar gaban laburare, ya zo da lambar rajistarsa.