Mun Biya Mai Bindiga, Mun Hana Mai Alli

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na Kilomita Biyar.

Duk wanda yake cikin unguwar nan ranar Litinin 30 ga Nuwamba 2015 ba zai manta da ita ba. A ranar ce Fafaroma Francis ya shigo Babban Masallacinmu na Titin Koudoukou, Imam Tidiani Moussa Naibi ya tarbe shi, daga nan kuma ya leƙa makarantar firamare ta Koudoukou, inda yara suka taru suna jiransa. Duniya ta ga fuskokinsu a talabijin. Baƙo ya tafi, masu ɗaukar hoto suka naɗe kayansu suka bi shi. Yaran da ke ajin farko a wannan rana yanzu samari ne da 'yan mata. Nawa ne cikinsu suka kai aji shida? Nawa suka zauna jarrabawar CEF1, nawa suka haye zuwa sakandare? Mun san farashin buhun sukari a Garoua-Boulaï, mun haddace abin da ake biya a kowane shinge daga Béloko zuwa Bangui, amma wannan lissafi na 'ya'yanmu ba ya cikin hirar majalisunmu.

Bari mu fara da abin da ya same mu, domin kada a ce mun manta. Bayan harin 5 ga Disamba 2013, da guguwar da ta biyo baya a farkon 2014, dubban Musulmi sun cika manyan motoci zuwa Chadi da Kamaru. Waɗanda suka rage suka tattaru a Kilomita Biyar, aka yi musu zobe, fita daga unguwa ta zama sayar da rai. 'Yan'uwanmu na Boda da Yaloké da Carnot su ma sun ɗanɗana irin wannan ƙawanya. Gidaje sun ƙone, takardu sun ƙone tare da su, ofisoshin rajistar haihuwa da dama an wawashe su. Da ƙura ta lafa aka fara dawowa, sai ga yaro mai shekara goma sha biyu bai taɓa zama a aji ba, ko kuwa ya yi shekara biyu a makarantar sansanin gudun hijira ya dawo ba shi da ko ƙyallen takarda da zai nuna. Wannan duka gaskiya ne, kuma ba mu muka jawo wa kanmu ba.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Ma'aikatar ilimi da ƙungiyoyin agaji ba sa raba malamai da benci da littattafai bisa yawan kukan da unguwa ta yi. Suna duba rajista ne: yara nawa aka rubuta, aji nawa, 'yan mata nawa. Ƙidayar jama'a da aka daɗe ana dogara da ita ta 2003 ce, shekara goma kafin a tarwatsa mu. Saboda haka rajistar makaranta tana cikin 'yan takardun da za su shaida cewa muna nan, kuma ga yawanmu. Uban da ya ajiye ɗansa a rumfar kasuwa bai rubuta shi ba, ya rage wa unguwarsa benci, ya rage mata malami, ya kuma taimaka wa masu cewa mu baƙi ne. Barthélemy Boganda ya bar wa ƙasar nan taken Zo kwe zo, wato kowane mutum mutum ne. Sai dai a teburin ma'aikacin gwamnati, mutumin da ba shi a takarda ba ya shiga lissafi.

Idan haka abin yake a cikin babban birni, sai a auna halin ƙauye. Mun taɓa yada zango a wata 'yar makaranta a kan hanyar Boda. Rumfar ciyawa ce, yara na zaune a kan gungumen itace, allon rubutu ya koɗe. Malamin da muka tarar ba gwamnati ta turo shi ba. Irin waɗanda ake kira maître-parent ne, wato mutumin gari da ya ɗan yi karatu, iyaye suka ɗora shi a gaban aji suna tattara masa abin da ya sawwaƙa, wani wata kuɗi, wani wata garin rogo ko gyaɗa. A ƙauyukan ƙasar nan da yawa, irin waɗannan bayin Allah su ne ke riƙe da makaranta. Idan iyaye suka gaza wata biyu, ya ajiye alli ya tafi gona ko ramin lu'ulu'u, kuma wa zai ga laifinsa? Yaran Hausawa da Fulani da muka gani a garin suna tsaron tebur da kiwon awaki, kaɗan ne suka shiga rumfar.

Sakamakon wannan a bayyane yake. A ma'aunin da Bankin Duniya ya fitar a 2020 kan abin da yaro zai iya zama idan ya girma, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce ta zo ƙarshe a duniya: jaririn da aka haifa a nan zai cim ma kashi 29 cikin 100 ne kawai na abin da zai iya da a ce ya sami cikakken ilimi da lafiya. Nauyin ɗanmu kuwa ya fi na maƙwabcinsa. A gida Hausa yake ji, a titi Sango, a makarantar allo Larabci, ranar da ya shiga ajin CI kuma a tarbe shi da Faransanci. Yaron da ke ɗauke da harsuna huɗu ba daƙiƙi ba ne. Yana bukatar malamin da zai zauna da shi shekara shida ba yankewa, daga CI har CM2, sannan a ƙarshe ya sami takardar haihuwa da za ta ba shi damar zama jarrabawa.

Yanzu sai mu juyo kan kanmu, tun da gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shekara da shekaru 'yan kasuwar unguwar nan sun biya haraji ga masu ɗauke da makamai da ke kiran kansu 'yan kare kai. Kowane shago ya biya, kowace mota da ta sauke kaya ta biya, a kan kari, ba jinkiri. Sai a Disamba 2019 tura ta kai bango, 'yan kasuwa suka ce ya isa, aka yi ɗauki-ba-daɗi, rayuka da dama suka salwanta, shaguna suka ƙone. Wannan ya nuna abu biyu: akwai kuɗin, kuma muna iya haɗa kai idan wuya ta yi wuya. Me ya sa hannun da ya miƙa wa mai bindiga ba tare da gardama ba yake rawa idan ƙungiyar iyayen yara ta zo neman kuɗin malami? Muna kashe dukiya a biki da suna, muna gasar yawan akwatunan lefe, amma kuɗin rajistar yaro sai an yi ta kai-komo kamar ana karɓar bashi.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Wani zai ce ilimi haƙƙin gwamnati ne. Haka ne, kuma ba za mu daina binta wannan bashi ba. Amma mai jiran gwamnati ta kawo malami kafin ya rubuta ɗansa, ita kuma tana jiran ganin sunaye kafin ta turo malami, har yaushe za a gama wannan kallon-kallo? Yaro ba ya tsayawa da girma don a gama shawara.

Wani zai ce boko na raba yaro da addini. 'Yan'uwanmu a wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Nijar an buɗe makarantar Faransanci da Larabci a garin Say tun 1957. A Ghana, Musulmin zango sun kai ga samun sashen ilimin Musulunci a cikin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, gwamnati na biyan malamai, yara na karatun addini da na zamani a inuwa ɗaya. Game da 'ya'ya mata kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun a ƙarni na 19. Mai cire 'yarsa daga aji huɗu ya ɗora mata tiren talla, kada ya jingina abin ga magabata.

Wani kuma zai ce ko ɗanmu ya yi karatu, sunansa kaɗai ya isa a hana shi aiki. Akwai gaskiya a nan, mun sha gani. Amma wa zai tsaya mana a kotu, wa zai duba matanmu a asibiti, wa zai zauna a ofishin da ake bayar da katin ɗan ƙasa, idan ba mu tura kowa Jami'ar Bangui ba? Wariya tana ƙara ƙiba ne a inda babu wanda ya iya karanta dokar da ake murɗewa.

Abin da muke kira a yi ba ya bukatar taron ƙasa da ƙasa. Shugabannin kasuwa da kwamitocin masallatai su kafa asusun malamai, a riƙa liƙa shiga da fitarsa a bangon masallaci kowa ya gani. Shago 100, kowanne ya ba da jaka ɗaya a wata, sefa 100,000 ke nan, kuɗin da zai riƙe malamin ƙauye fiye da ɗaya a gaban allo. Masu unguwanni su bi gida-gida su rubuta yaran da ba su da takardar haihuwa, a kai su kotu rukuni-rukuni a nemo musu hukuncin da ke maye gurbinta, tun kafin lokacin jarrabawa ya matso. Malaman allo su riƙe asuba da yamma, su sakar wa lakwal hantsi. Iyaye maza su halarci taron ƙungiyar iyayen yara da ƙafafunsu, su daina aika yaro da uzuri. Kowane attajiri da ke da asali a Boda ko Carnot ko Bria ya ɗauki nauyin aji ɗaya a can. Idan sakamakon CEF1 ya fito kuma, a karanta sunayen waɗanda suka ci bayan sallar Juma'a, maza da mata, yadda ake shelar waɗanda suka sauke Alƙur'ani.

Wanda ya ga mun yi kuskure a wannan magana, ƙofa a buɗe take, ya zo da hujjarsa. Wanda kuma ya yarda, gobe da safe ya duba gidansa ya ƙirga yaran da suka isa shiga makaranta, ya kama hannunsu ya kai su.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.