Makullin safayar motar gwamnati amana ne, kada a bar shi a ƙarƙashin bodi

Akwai wata al'ada da ta daɗe tsakanin direbobin ma'aikatu da hukumomin tarayya, wadda ba a rubuta ta a kowace takarda ba, amma kusan kowa ya san da zamanta. Direban a-kori-kura, musamman Hilux ɗin da ake fita rangadi da ita, yakan nemi wani lungu a jikin motar ya ɓoye makullin safaya. Wani ya sa shi cikin ɗan gwangwani mai maganaɗisu ya manna a ƙarfen ƙarƙashi, wani ya ɗaure shi da waya a bayan lamba, wani kuma ya cusa shi a saman tayar safaya da ke rataye ƙarƙashin bodi. Manufar ita ce, ranar da ƙofa ta kulle da makulli a ciki, a tsuguna a laluba a ci gaba da tafiya. A ganina wannan dabara tana magance ƙaramar matsala ne ta hanyar buɗe ƙofar babba, kuma lokaci ya yi da jami'an kula da motoci da hadiman manyan jami'ai za su daina kau da kai daga gare ta.

Adalci ne a fara da amincewa cewa tsoron direban yana da tushe. Ayarin da ya bar Abuja da asuba don duba wani aiki a ƙauyen da ke can bayan Keffi, ko a gefen hanyar Lokoja, ba shi da wanda zai kira ya kawo makulli cikin rabin sa'a. Wasu na'urorin ƙararrawa da ake ɗaura wa motoci bayan an saye su suna kulle ƙofofi da kansu jim kaɗan bayan an tayar da inji. Direba ya kunna mota don ta yi ɗumi, ya fito ya goge gilashi, sai ya ji ƙofa ta datse. Abin da ya rage masa shi ne ya fasa gilashi ko ya zura waya ta robar ƙofa, ga darakta tsaye a rana yana duban agogo, ga kuma takardar tuhuma tana jiransa a ofis. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ba zai so ya maimaita ba.

Sai dai maɓoyar da ke jikin mota ba ta da sirri. Wuraren da makulli zai iya zama a jikin Hilux ba su da yawa, kuma wanda sana'arsa ke nan ya fi mai motar sanin su. Ko a bar batun ɓarawo, a ƙirga mutanen da ke leƙa ƙarƙashin motar gwamnati a cikin wata guda: mai wanki, mai faci, mai juyen baƙin mai, makanike da yaransa a Apo. Galibinsu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma abin da mutum biyar suka gani ya tashi daga asiri. Motar kuma tana yini a filin ajiye motoci na Sakatariyar Tarayya, tana tsayawa a kasuwar Wuse, tana kwana a Nyanya ko Mararaba a ƙofar gidan direba. Shi kansa maganaɗisun ba abin dogaro ba ne a hanya mai gargada. Sau da yawa sai ranar buƙata a tarar gwangwanin ya daɗe da faɗuwa, kuma babu wanda ya san inda ya faɗi ko hannun da ya tsince shi.

Abin da ya ƙara wa al'adar haɗari shi ne, makullin yau ya wuce guntun ƙarfen da aka sani a da. A cikin baƙar robar da ke kansa akwai 'yar ƙwayar lantarki mai ɗauke da lambar sirri. Idan aka zura makullin, wata na'ura da ke zagaye da ramin tana karanta lambar ta miƙa wa kwamfutar inji, kuma in lambar ba ta dace ba, inji ba zai tashi ba ko da haƙoran makullin sun yi daidai. Jamus da Birtaniya sun wajabta wannan tsari a kan sababbin motoci tun 1998, Ostareliya ta bi sahu a 2001, Kanada kuma a 2007, domin ya kawo ƙarshen satar mota ta hanyar haɗa wayoyi. Wanda ya manna cikakken makulli a ƙarƙashin mota ya rushe duk wannan kariya da hannunsa, ya miƙa wa ɓarawo abin da shi kaɗai ya rage masa nema. Idan kuwa motar irin wadda ake tayarwa da danna maɓalli ce, lamarin ya fi muni, domin rimot ɗin da ke kusa da ƙofa yana iya sa ta buɗe wa duk wanda ya taɓa hannunta. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Sannan akwai abin da ke biyo bayan sata. Kamfanonin inshora galibi suna neman a kawo makullan motar duka kafin su biya diyya, kuma sharuɗɗansu suna ɗora wa mai mota nauyin kula da ita gwargwadon hankali. Hukumar da ta kawo makulli ɗaya ta ce ɗayan yana jikin motar da aka sace ta raunana da'awarta da bakinta. A ɓangaren aikin gwamnati kuwa, Dokokin Kuɗi na Tarayya sun tanadi a kai rahoton duk asarar kayan gwamnati, a bincika, kuma a ci tarar jami'in da aka samu da sakaci. A irin wannan bincike ƙaramin ma'aikaci ne ke fara shan tambaya. Direban da ya ɓoye makulli don kada ransa ya ɓaci na sa'a guda yana iya wayar gari ana zarginsa da haɗa baki, alhali bai ci nanin ba, nanin ta ci shi.

Akwai kuma gefen da ya shafi hadimai kai tsaye, wato lokacin miƙa ragama. Idan wa'adin mai riƙe da muƙami ya ƙare, ko aka sauya wa direba wurin aiki, takardar miƙa kaya takan ambaci mota da lambarta, amma ba kasafai take faɗin makullai nawa aka karɓa ba. Makullin da ba ya cikin rajista ba shi da mai shi. Tsohon direba ya san inda yake, sabon bai ma san da shi ba, motar kuma tana yawo da mabuɗinta a jikinta har shekaru.

Mafita tana cikin raba aikin makulli gida biyu, domin buɗe ƙofa daban, tayar da inji daban. Matsalar direban da ƙofa ta kulle masa ita ce shiga kawai, tunda makullinsa na ainihi yana ciki. Saboda haka abin da yake buƙata shi ne kwafin ƙarfe zalla, marar ƙwayar lantarki, wanda mai yanka makulli zai fitar a kan kuɗi kaɗan. Wannan kwafi yana buɗe ƙofa amma ba ya tayar da motar da ke da wancan tsari. Wurin zamansa walat ɗin direba ne ko aljihun shugaban ayari, kuma ofis ne ya kamata ya ba da izinin yanka shi, ya rubuta shi a littafin motar. Cikakken makullin safaya kuwa ya zauna a akwatin ƙarfe na jami'in kula da motoci, da lambar motar a jikinsa, da rajistar da ake sa hannu duk lokacin da ya fita ko ya dawo. Idan tafiyar ta kwanaki ce, a sa hannu a karɓe shi, wani jami'i dabam da direba ya riƙe, a mayar ranar da aka dawo.

Za a iya cewa ba kowace Hilux ce ke da ƙwayar lantarki ba, musamman tsofaffi da wasu masu sauƙin kaya. Haka ne, kuma a irin waɗannan motoci kwafin ƙarfe cikakken makulli ne da zai iya tafiya da motar, don haka hujjar kada a bar shi a jikin bodi ta ƙara ƙarfi. Gwajin ba shi da wuya: a zura kwafin a murɗa, in inji ya tashi, a ɗauke shi a matsayin makulli na ainihi. Haka kuma duk ranar da makulli mai ƙwaya ya ɓata, a kai motar wurin dillali ko ƙwararren mai gyaran lantarki a goge lambarsa daga kwamfutar, maimakon a yi shiru ana fatan ba a hannun mugu ya faɗa ba.

Maganar ta shafi motocinmu na kanmu ma. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa kuɗi a 2003, ma'aikatan tarayya da yawa da motar kansu suke zuwa aiki, kuma da dama inshorar da suke da ita ita ce mafi ƙanƙanta, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Wannan inshora tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai, ba ta biyan sata. Ma'aikacin da ya tara albashin shekaru ya sayi mota, in aka ɗauke ta da makullin da ya ɓoye, babu inda zai kai kuka. Nasa makullin safayar ya fi dacewa da gida, a hannun iyali ko ɗan'uwan da zai iya hawa abin hawa ya kawo.

Ba a buƙatar kwamiti ko sabon kasafi kafin a gyara wannan. Darakta mai kula da harkokin mulki zai iya umartar a leƙa ƙarƙashin kowace motar ma'aikatarsa a mako guda, a tattaro abin da aka samu ba tare da hukunta kowa ba, a buɗe rajista, a kuma ƙara layi ɗaya a takardar miƙa kaya da ke faɗin adadin makullai. Da kuɗin jama'a aka sayi waɗannan motoci, kuma kula da makullansu yana cikin amanar da muka karɓa.